Daga Tauros Zuwa Pachirisu: Tarihin Haɗa Tawaga A Gasar Pokémon

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari su saurari murya ba, da waɗanda dama can sun fi son karatu.

Yau gem ɗin Pokémon za mu taɓa, ɓangaren gasa, inda mutum yake karawa da ɗan uwansa mutum ta intanet. Dodannin da ke cikin gem ɗin yanzu sun haura 1000, amma gurbi 6 kacal aka ba ka. To yaya ake zaɓa? Yawancin sababbin shiga hanya biyu suke bi. Ko su tattaro dodanni 6 mafi ƙarfi da suka sani, ko su kwafo tawagar wani zakara yadda take. Su shiga fili a yi musu dukan kawo wuƙa, daga nan sai ka ji suna cewa ai gem ɗin sa'a ce kawai, su goge shi. Ni kuwa a ganina amsar tana cikin tarihi. In ka bi yadda aka yi ta haɗa tawaga tun 1996, za ka ga kowane zamani da tambayar da yake yi wa ɗan wasa, kuma tawagar da take ci ita ce wadda kowane ɗaya cikin 6 ɗin yake amsa wani ɓangare na tambayar. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

A ranar 27 ga Fabrairun 1996 kamfanin Game Freak ya fitar da Pokémon Red da Green a Japan, a kan ƙaramar na'urar Nintendo mai suna Game Boy. Wanda ya kawo tunanin, Satoshi Tajiri, tun yana yaro sana'arsa kama ƙwari yana tarawa. Dodanni 151 ne a lokacin, jinsi 15, kuma dokar da aka kafa ranar har yau ita ce: dodo 6 a tawaga, kowane dodo dabara 4. Babu intanet a ciki. In kuna son faɗa sai ku zauna gwiwa da gwiwa, ku haɗa na'urorinku da igiya.

Jinsin nan shi ne ƙashin bayan komai. Ruwa yana kashe Wuta, Wuta tana cin Ciyawa, Ciyawa tana shanye Ruwa, haka abin yake zagayawa. Sai dai a gem na farko zagayen bai rufe ba. Jinsin Psychic, wato masu yaƙi da ƙarfin tunani, ya zama ba shi da magani. An shirya cewa jinsin Fatalwa ne zai riƙa karya shi, sai aka samu kuskure a rubutun gem ɗin, harin Fatalwa ya zama ba ya ko taɓa shi. Jinsin Ƙwaro ne ya rage, su kuma hare-harensu ba su da wani ƙarfi.

Akwai wasu abubuwan ma. Duk dodon da ya fi gudu ya fi samun mugun bugu mai ninka ɓarna. Wanda ƙanƙara ta daskarar da shi ba ya narkewa da kansa, kusan ya mutu kenan. Sannan Hyper Beam, harin da ya kamata ka huta zagaye ɗaya bayan ka yi shi, in ya kashe abokin gaba ba sai ka huta ba. Duk waɗannan sun taru a kan bijimi ɗaya mai suna Tauros: ga gudu, ga mugun bugu kusan sau ɗaya cikin biyar, ga Hyper Beam na gamawa. Masu buga wannan tsohon tsari har yau, da wuya ka ga tawagarsu babu Tauros, Snorlax da Chansey, sau da yawa har da Exeggutor. Wato gurbi 3 ko 4 an riga an cike maka su, gurbi 2 ko 3 kawai kake da ta cewa. Tambayar zamanin mai sauƙi ce: me za ka yi wa Tauros ɗin wancan kafin ya yi maka?

A 1999 Gold da Silver suka fito, kamfanin ya gyara ɓarakar. Aka ƙaro jinsi 2, Duhu da Ƙarfe, dukkansu don a taka wa Psychic birki. Aka kuma ba kowane dodo damar riƙe kaya ɗaya. Wanda ya fi shahara shi ne Leftovers, mai mayar wa dodo kashi 1 cikin 16 na jininsa a kowane zagaye. Kamar ba komai ba ko? Amma shi ya juya wasan ya koma na juriya, faɗa ɗaya ya riƙa wuce zagaye 100.

A nan ne aka fara ganin abin da yanzu kowa yake kira ginshiƙin tawaga, wato dodanni biyu da suke rufa wa juna asiri. Misalin da ya fi fice shi ne Skarmory da Blissey. Skarmory tsuntsu ne na ƙarfe, dukan jiki ba ya yi masa komai, amma wuta da lantarki suna gamawa da shi. Blissey kuwa tana shanye wuta da lantarki da ƙanƙara kamar ruwa, amma naushi ɗaya mai kyau zai kwantar da ita. Kowannensu shi kaɗai yana da ƙofa a buɗe. In ka haɗa su, duk harin da ya taho sai ka sauya ka sa wanda zai iya shanye shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma daga nan mutane suka fara duba dodo da idon wa zai zauna kusa da shi.

2002, Ruby da Sapphire. Wannan shi ne zamanin da lissafi ya shigo sosai. Kowane dodo ya samu baiwa, wani abu da yake yi da kansa ba tare da ka ba shi umarni ba. Tyranitar yana shigowa fili guguwar yashi take tashi. Gyarados yana shigowa ƙarfin dukan abokin gaba yake raguwa, baiwar da ake kira Intimidate. Aka kawo hali iri 25, wanda yawancinsu suke ƙara kashi 10 cikin 100 a wani ɓangare su rage kashi 10 a wani. Aka kuma kayyade makin horo: 510 ne gaba ɗaya, kai za ka raba su tsakanin jini, duka, kariya da gudu. Ma'ana ni da kai za mu iya riƙe dodo iri ɗaya, nawa ya riga naka motsi saboda maki ɗaya tak na gudu, kuma wannan maki ɗayan ya raba gardama. A wannan gem ɗin ne kuma aka fara faɗan biyu da biyu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Matsalar ita ce, kafin ka samu dodo mai gadon da kake so a kan kaset, sai ka ƙyanƙyashe ƙwai bila adadin, ka kwashe kwanaki kana horo. In ka gwada ka ga bai yi ba, ka koma farko. Don haka 'yan wasa suka ƙirƙiro manhajojin gwaji a kwamfuta, inda za ka rubuta tawagar da kake so cikin minti biyar ka shiga faɗa. An yi NetBattle, aka yi Shoddy Battle, aka yi Pokémon Online, sai Pokémon Showdown a 2011, wanda shi ake amfani da shi har yanzu, kyauta, kuma yana buɗewa a burauzar waya.

A 2004 aka kafa dandalin Smogon. Sunan ma na wani dodo ne, Koffing, yadda ake kiransa da Jamusanci. Su ba kamfani ba ne, 'yan wasa ne kawai, amma su suka tsara dokokin faɗan ɗaya da ɗaya da kusan kowa yake bi a intanet. Ba ka sa dodo iri ɗaya sau biyu. Suka kuma kasa dodanni aji-aji gwargwadon yawan amfani da su. Waɗanda aka fi ɗauka suna ajin OU, na ƙasa da su UU, waɗanda ƙarfinsu ya wuce misali a tura su Ubers. Amfanin wannan ga mai haɗa tawaga babba ne, domin yanzu akwai ƙididdiga. Kana iya dubawa ka ga su wane ne za ka fi cin karo da su kafin ka zaɓi ko da dodo ɗaya.

Diamond da Pearl sun zo a 2006 a kan Nintendo DS, kuma da su ne faɗa ta Wi-Fi ya shiga hannun kowa. Abu biyu suka canza haɗa tawaga. Na farko, a da jinsin hari ne yake nuna ko na jiki ne ko na tsafi: duk harin Ruwa na tsafi ne, ko da kuwa karo ne. Yanzu aka raba su hari-hari. Gyarados, wanda ƙarfinsa a jiki yake amma jinsinsa Ruwa, sai a lokacin ya samu harin da ya dace da shi.

Na biyu, Stealth Rock. Dabara ce da ake watsa duwatsu a ɓangaren abokin gaba, duk dodon da ya shigo fili sai sun sare shi. Dodo na yau da kullum yana rasa kashi 1 cikin 8 na jininsa. Amma Charizard, wanda kowa yake ƙauna tun yarinta, da yake Wuta ne kuma mai tashi, rabin jininsa yake tafiya tun bai yi komai ba. Dabara ɗaya ta sa kowace tawaga ta nemi mai watsa duwatsu, da yawa kuma suka nemi mai share su da Rapid Spin. Gurbi 2 sun tafi ga masu aikin da ba kisa ba. A wannan zamanin ne ma Smogon ta kori Garchomp zuwa Ubers a 2008, saboda ya kai matsayin da in ba ka ware masa gurbi na musamman ba, ka sha kashi.

A 2010 Black da White suka kawo abin da ya kashe wata al'ada gaba ɗaya. Kafin faɗa ya fara, ana nuna maka dodanni 6 na abokin karawarka, shi ma a nuna masa naka. A da kana iya ɓoye makaminka har zagayen ƙarshe. Yanzu ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Sannan aka shiga yaƙin yanayi. Politoed, wani kwaɗo da ba wanda yake kulawa da shi, ya samu baiwar saukar da ruwan sama da ba ya tsayawa. Ninetales ta samu ta rana, Tyranitar dama yana da yashinsa. Politoed ba shi da wani ƙarfin a zo a gani, amma ya cika tawagogi, don kuwa ruwan da yake kawowa yana ƙara wa harin Ruwa rabin ƙarfinsa, ya kuma raunana Wuta. Abin ya yi tsanani har Smogon ta hana haɗa wannan baiwa da ta masu ninka gudu a cikin ruwa. Da X da Y suka fito a 2013, kamfanin ya mayar da yanayi zagaye 5 kawai, ya ƙaro jinsin Fairy don rage wa Dragon kaifi, jinsi ya cika 18. Ranar Politoed a faɗan ɗaya da ɗaya ta faɗi, alhali shi bai canza ba, dokar da ke kewaye da shi ce ta canza.

To mu koma kan biyu da biyu. Gasar kamfanin ta hukuma, wadda ake kira VGC, da wannan tsarin ake yin ta. Ka zo da 6, ka ga na abokin karawa, ka zaɓi 4, biyu a fili biyu a benci, kowa a mataki na 50, kuma ba a maimaita dodo ko kayan riƙo. An fara gasar duniya ta wannan tsari a 2009, kuma Ray Rizzo na Amurka ya ci sau uku a jere, 2010, 2011 da 2012. A biyu da biyu faɗa gajere ne, don haka dabarun taimako suka yi daraja: Protect mai kare ka na zagaye ɗaya, Fake Out mai hana abokin gaba motsi a zagayen da ka shigo, Tailwind mai ninka gudun ɓangarenka, Trick Room mai juya tsari marar gudu ya riga mai gudu.

A nan labarin da na fi so ya shigo. Agustan 2014, birnin Washinton, wasan ƙarshe na gasar duniya. Sejun Park na Koriya ta Kudu ya fito da Pachirisu, ɗan kurege fari mai lantarki. In ka tara duk makin ƙarfinsa 405 ne, Garchomp da ke gefensa a tawagar 600 ne. Da shi ya doke Jeudy Azzarelli na Amurka ya ɗauki kofi, duniyar gem ta ɗauka.

Mutane da yawa darasin da suka ɗauka shi ne, ka ga, ka yi wasa da dodon da kake so kawai, za ka ci. Ni ban yarda da wannan fassarar ba. Ku duba aikin da aka ɗauke shi yi. Babban makamin Sejun shi ne Gyarados, wanda yake buƙatar zagaye ɗaya ya ƙara wa kansa ƙarfi da gudu, kuma babban abin da yake tsoro lantarki ne. Talonflame da ke tawagar ma lantarki yana cutar da shi. Pachirisu yana da dabarar Follow Me, mai janyo harin da aka nufi abokinsa ya dawo kansa. Yana kuma da baiwar Volt Absorb, wato in lantarki ya same shi jini yake ƙara masa. Ka harba wa Gyarados tsawa, kurege ya janye ta ya sha, Gyarados ya gama shirinsa. Ga Nuzzle mai shanye jikin abokin gaba ya rage masa gudu, ga Super Fang mai raba jinin kowane ƙato biyu, ba ruwansa da ƙarfin mai cizon.

Me ya sa bai ɗauki Amoonguss ba, naman kazar da kowa yake ɗauka don wannan aikin? Saboda kowa ya san da zuwansa, kowa ya shirya masa. Kuma dabarar Amoonguss ta janyo hari hoda ce, tun daga X da Y ba ta kama jinsin Ciyawa, ba ta kama mai sanye da Safety Goggles. Follow Me ba ta da wannan matsalar. Wato Sejun ya fara da gurbin da yake buƙatar cikewa, ya duba me mutane suka tanada, sannan ya nemo wanda zai yi aikin ta inda ba a tsare ba. Allura ma ƙarfe ce, in ɗinki ake nema.

Shekarar da ta biyo baya ta nuna ɗaya fuskar. A 2015 tawagogin saman gasar sun yi kama da juna har aka yi musu laƙabi da harufan farko na dodanni biyar, CHALK: Cresselia, Heatran, Amoonguss, Landorus da Kangaskhan. Shoma Honami na Japan ya ci da irin wannan tsari. Don haka ɗaukar abin da kowa yake ɗauka ba abin kunya ba ne, in ka san dalilin kowane ɗaya, ka kuma fi sauran iya juya shi.

A 2016 kuma, lokacin da Groudon da Xerneas suka addabi kowa, Wolfe Glick na Amurka ya ci da tawagar da aka gina don amsa su. Ranar da Groudon yake kawowa tana ƙone harin Ruwa gaba ɗaya, sai ya haɗa Kyogre da Rayquaza, wanda yake share wannan yanayi, ruwa ya samu hanya. Bronzong na ƙarfe ya tsaya wa Xerneas. Raichu, da baiwarsa ta janye lantarki, ya tsare Kyogre. Duk gurbin da ka nuna akwai sunan matsalar da yake magancewa.

Daga nan abubuwa sun yi ta zuwa suna wucewa. Z-Moves a 2016, Dynamax a 2019 wanda Smogon ta hana a ajin OU cikin 'yan makonni, sai Terastal a 2022 mai ba dodo ɗaya damar canza jinsinsa a tsakiyar faɗa. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Wahalar kiwo kuma ta ragu ƙwarai. Yanzu ana gyara gadon dodo da halinsa da kayan cikin gem, har tawagar wani kana iya arowa da lamba. A manyan gasannin hukuma tun 2023 ma takarda ake miƙa wa juna, ka ga dabaru da kayan riƙon abokin karawarka kafin a fara. Abin da ya rage wa mutum ya yi fice da shi shi ne tunanin da ya sa a haɗin.

To in za ka zauna haɗa taka yau, ga yadda nake ganin tarihin nan yake cewa a yi. Fara zaɓar tsarin da za ka buga, don tawagar ɗaya da ɗaya ba ta aiki a biyu da biyu. Ɗauki dodo ɗaya ko biyu da kake so su ci maka wasa, ka iya faɗin yadda za su ci a jimla ɗaya. Buɗe ƙididdigar watan da ya wuce ka rubuta dodanni 10 da aka fi amfani da su, kowanne ka tambayi kanka, in wannan ya fito wa zan tura masa? Inda ka rasa amsa, nan ne gurbin da za ka cike. Tabbatar kana da hanyar sarrafa gudu, kuma kar dodanninka uku su ji tsoron abu ɗaya. Ko a ƙwallo ba wanda yake fita da 'yan gaba 11 babu gola. Sannan ka buga wasa 20 ko 30 kafin ka taɓa komai, kana rubuta abin da ya kashe ka, in za ka canza kuma ka canza abu ɗaya a lokaci guda, don ka san me ya yi aiki.

Wanda yake son aron tawagar zakara ya ara, hanya ce mai kyau ta koyo. Sharaɗin kawai, kafin ka shiga fili ka bi dodannin 6 ka faɗi aikin kowanne da bakinka. In ka kai kan wanda ba ka san me ya kawo shi ba, tsaya ka bincika, don wataƙila shi ne Pachirisun tawagar.

Nan za mu dakata a yau. Ku turo mana tawagoginku tare da aikin kowane dodo a layi ɗaya, za mu zaɓi wasu mu warware su a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Ku tura wa abokin nan naku da kullum yake cewa sa'a ce ta kayar da shi.